Bayan haihuwa, fim ɗin kashe-kashe ya daina daɗi

An tattauna kan ko haihuwa na sauya wa iyaye yadda suke ji da finafinai da littattafan kashe-kashe. Yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun ce a ƙuruciya suna kallon harbe-harbe da yanke-yanke ko gezau. Da ɗan fari ya zo, sai labari ya sha bamban. Jinin bai cika damunsu ba. Inda aka sace yaro ko aka cutar da shi ne matsalar: nan take fuskar nasu ɗan ke faɗo musu a rai, barci ya ƙaurace.

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce kada ka tilasta wa kanka ƙarasa labari don kawai ka fara shi. Ajiyewa ba ragwantaka ba ce. Kafin ka kunna fim, duba alamar shekarun da aka sa masa, ko ka tambayi wanda ya riga ka gani ko an taɓa yara. Littafi ya fi sauƙi, sai ka tsallake shafi.

Wasu sun musa cewa haihuwa ce sila, suka ce girma ne kawai ya gundure su da zubar da jini marar dalili. Ina ganin da ƙamshin gaskiya. Wata uwa kuwa ta koma karanta labaran kisan kai bayan 'ya'yanta sun tasa, amma da rana kaɗai.