Karas ɗina mai kalar shunayya ya fito da ƙafa uku, ina na kuskure?

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum masu lambu. Dan Allah shawara nake nema. Ƙanwar maigidana ce ta zo hutu daga Ingila ta kawo min tsarabar irin kayan lambu, a ciki har da ɗan fakitin karas mai kalar shunayya, kamar jar albasa amma ya fi ta duhu, an rubuta Cosmic Purple a jiki. Ni kuwa zumuɗi bai bari na tambayi kowa ba, ƙarshen Maris na yi renonsa a tsohuwar roba kamar yadda nake wa tumatir, na fi sati biyu ina leƙe shiru, daga baya 'yan tsiraru suka fito ko ashirin ba su kai ba, da suka yi ganye na cire na dasa a bayan ɗaki inda na zuba kashin kajin da na share daga keji. Ganye kam masha Allah har maƙociyata na tambaya. Amma ranar da na tuge, wani guntu kamar babban yatsa, wani ƙafa biyu wani uku, duk gashi, ga ɗaci. Yara suka yi ta dariya wai Mama ta noma 'yan tsana. Rabin fakitin na nan a durowa. Irin ne ba kyau ko dama wannan kalar ba ta yi a wajenmu? A Kano nake, kuma ƙasar gidanmu akwai taɓo.

Ɗan Fadama:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki gafarce ni nima sai da na dara, sbd laifi uku kika yi kina neman ɗora wa iri. Karas ko wace riga ya saka karas ne, yadda muke yi wa na kasuwa a lambunmu nan wajen Zariya haka za ki yi wa naki.

Lokaci ne ya fara kayar da ke. Karas ɗan hunturu ne. Mu daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba muke shuka, a tuge Janairu zuwa Fabrairu, shi ya sa lokacin kike ganin masu baro sun cika titi da shi. Ke kuma kin shuka a bakin bazara, a Kano, inda rana ke kai digiri 40. A wannan zafin ƙasa na bushewa kafin iri ya farka, wanda ya tsira kuma gajarta yake yi ya yi ɗaci.

Sai dashe. Hajiya ba a dasa karas, ko kusa. Siririyar saiwar nan guda ɗaya da ke nutsawa ƙasa ita ce karas ɗin kansa, kina cire ta bakinta ya tsinke ko ya lanƙwashe, daga nan sai ta rabu, ƙafafun da yaranki suka gani ke nan. Ɗanyen kashin kaji ma haka yake yi, ya ba ki ganye kamar za ki yi miya da shi, ƙasa kuma gashi da rassa. Taki sai wanda ya ruɓe ya zama kamar ƙasa, shi ma kaɗan.

Tunda taɓo gare ki, ki samo yashi ki gauraya, ki tayar da fangali, ki sassauta ƙasar zurfin santimita 30, ki tsince duwatsu da ɓaraguzan siminti tas. Irin ƙanana ne sosai, ki cakuɗa da busasshen yashi ki barbaɗa a layi, ki rufe sama-sama kar ya kai santimita 1. Ki shimfiɗa buhun algarara a kai ki dinga yayyafi safe da yamma ta saman buhun, kar saman ƙasar ya bushe ko na yini ɗaya, nan ne yawancin mutane ke faɗuwa. Yana ɗaukar sati 1 zuwa 3. Kina ganin kore ki ɗage buhun. In sun kai tsawon yatsa ki rage su, tazarar yatsu uku tsakani, na san za ki ji kamar kina zubar da kuɗi amma in kin bar su a cunkushe tsinken tsintsiya za ki girba.

Baban Gida:
Ni fa waɗannan sababbin abubuwan ban cika yarda da su ba. Tun muna yara karas ruwan goro muka sani. Kar dai irin wanda Turawa suka jirkita wa halitta ne a ɗakin gwaji, ki ba yara su ci. A dai yi hattara.

Ɗalibar Aikin Gona:
Baba da girmanka, maganar a juye take, mai shunayyan ne yaya, ruwan goron ƙane. Karas da aka fara nomawa a yankin Afganistan da Iran sama da shekara 1,000 da suka wuce shunayya ne da rawaya. Ruwan goron sai wajen ƙarni na 16 zuwa 17 ya yi suna a hannun manoman Holan, shi ne ya mamaye duniya har muka taso muka ɗauka shi kaɗai ne. Kalar kuma daga wani sinadari take da ake kira antosayanin, danginsa ne ke sa zobo ja, shi ne kuma a ɓawon jar albasa. Indiyawa har yau suna noma baƙin karas su jiƙa wani abin sha mai tsami da shi wai shi kanji, mutanen birnin Adana na Turkiyya ma na da nasu, shalgam.

Aunty in kin samu mai zuwa Indiya ki sa a nemo miki Pusa Asita, cibiyar binciken noma ta Indiya da ke Delhi ce ta fitar da shi, baƙi ne har ciki kuma da ƙasa mai ɗumi ya saba.

Uwar Lambu Jos:
'Yar uwa ni a robar fenti mai lita 20 nake yi, na huhhuda gindin, yashi da tsohon taki, shike nan ba ruwana da ƙasar tsakar gida. Mu nan sanyi na taimakonmu kam. Abin da ba wanda ya faɗa miki, Cosmic Purple ɗin nan baya ne kawai shunayya, kina yankawa cikinsa ruwan goro ne, to kar ki kankare shi, wankewa kawai, in ba haka ba kin zubar da abin da kika yi wata uku kina ba ruwa. A salak ya fi kyau, yanka zagaye-zagaye kamar zobe. Na taɓa noma Black Nebula wanda shi har tsakiya baƙi ne, na zuba a dafa-dukan baƙi, wlh shinkafar ta koma wata kala sai da na yi ta rantsuwa ba abin da ya faɗa ciki, sbd kalar na narkewa a ruwa. In kin matsa lemon tsami sai ya koma ja mai kyau, kanwa kuwa ki raba su, shuɗi-shuɗi yake komawa ba kyan gani.

Sannan ban ruwa ya zama daidai, in kin bar shi ya sha ƙishi kika zo kika malala masa tsagewa yake yi. Fakiti zai ce kwana 70, nawa sai da ya kusa 90, ki dinga tona gefen guda ɗaya da yatsa ki ga kaurin kafaɗarsa.

Maman 'Yan Biyu:
Kai jama'a Allah ya saka da alheri, ashe ni ce mai laifin. Toh sauran irin da ya sha zafin bazara a durowa zai yi kuwa? Kuma in ya yi zan iya ɗibar iri a jikinsa in huta da roƙon tsaraba?

Ɗan Fadama:
Amin Hajiya. Ƙirga ƙwaya 10 ki naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle, ki sa a leda ki ajiye wajen randa, ki duba bayan sati 2. In shida ko bakwai sun tsiro ki shuka yadda na ce, in uku ne ki barbaɗa da yawa. Irin karas kan kai shekara 3 in yana wuri mai sanyi ba danshi, dan haka sauran ki zuba a kwalba mai murfi ki sa a firji, durowa ba wajensa ba ne.

Ɗibar iri kam da wuya a Kano, sai a shekara ta biyu yake fure bayan ya sha sanyi sosai, kuma wanda ya yi saurin fure tun shekarar farko ba shi ake so a ajiye ba, 'ya'yansa ma haka za su yi, kara ba saiwa. Ki dai riƙe ƙanwar maigida da kyau. Yashi kuma ki fara nema tun yanzu, na kogi mai laushi, ba ragowar na magina mai tsakuwa ba.