Zuwa aiki daga bayan gari a Riyad

Malam Habu: Assalamu alaikum. Ina zaune a kudancin Riyad, aikina kuma yana Olaya, ga kuɗin tasi ya fi ƙarfina. Shin jirgin ƙasan cikin gari zai fisshe ni?

Alhaji Sale: Wa alaikumus salam, Malam. Tun da aka buɗe shi a Disambar 2024 nake hawan shuɗin layi, wanda ya ratsa Batha zuwa Olaya. Tikitin awa biyu riyal 4 ne, na wata kuma riyal 140.

Hajiya Rabi: Wahalar tana wajen isa tasha, domin mu mazauna nesa muna doguwar tafiya a ƙasa cikin zafin rana. Ya kamata a ƙara motocin bas masu shiga unguwanni, a kuma kafa rumfa a kowace matsaya.