Neman shawara kan tulun furanni da yake naso

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon waɗanda suka san harkar ginin tukwane, domin wata matsala ta sha mini kai a gidana da ke Agege.

Kafin faɗuwar damina na sayi tukwanen shuka huɗu da tulun furanni mai dogon wuya a hannun wata maginiya da take gasa kayanta da itace. Abin da ya ja hankalina shi ne launin da wuta da toka suka bari a jikinsu, gefe guda ja, ɗaya gefen kuma duhu mai ɗan sheƙi, har ban tsaya ciniki ba.

Yanzu tulun yana naso. Idan na zuba masa ruwa da daddare, kafin asuba sai in tarar da zoben laima a kan teburin katako, alhali na duba ciki da waje babu tsaga. Tukwanen shukar kuwa wani farin abu kamar kanwa ya fito a bakinsu. Na goge da buroshi, ya dawo cikin mako biyu. Da ruwan rijiyar burtsatse nake ban ruwa.

Na san yumɓun da bai sami zafin da ya kai kimanin digiri 1,200 ba yakan ci gaba da shan ruwa. Shin ana iya sake gasa tulun ba tare da launinsa ya ɓaci ba, ko akwai abin da ake shafawa daga ciki? Farin nan kuma, daga ruwana yake ko daga taki, kuma yana cutar da saiwa?