Kallon tashoshin tauraron ɗan'adam a motar kwana

Masu yawo da motar kwana, wato mota mai ɗakin kwana a cikinta, a Turai bakinsu ya zo ɗaya: inda aka yi fakin ya fi tsadar dish muhimmanci. Taurarin Astra 2 masu ɗauke da tashoshin Birtaniya suna digiri 28.2 gabas, saboda haka kudu maso gabas ya zama fili, reshen bishiya guda ma yana ɗauke hoto. A daidaita motar kafin neman sigina. Dish mai ƙafa uku da doguwar wayar dish samfurin RG6 ya fi sauƙi, mota na inuwa, shi yana sarari. Ana gangarawa kudancin Faransa sigina ke raguwa, ƙaramin dish ba ya kamawa, sai mai faɗin santimita 85 ko fiye. Dish na kan rufin mota kuwa, a kwantar da shi kafin tashi, kada iska ko ƙasan gada su karya shi.