Neman shawara: an ce a yi wa ƙanena ƙarin ruwan ketamin

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a sakaya sunana. Ƙanena ne, shekararsa 29, muna nan Ƙofar Ƙaura. Tun da 'yan bindiga suka tare motarsu a hanyar Jibiya suka shiga daji da shi, aka biya fansa ya dawo, bai ƙara zama daidai ba. Ya rufe shagon ɗinkinsa, keken har ya yi ƙura. Ba ya runtsawa sai bayan asuba, ƙarar babur kuwa sai ka ga ya zabura yana neman wurin ɓuya. Likita ya ce ciwon damuwa ne mai tsanani, haɗe da firgicin abin da ya gani. An ba shi amitriptyline, ya ce yana busar masa da baki yana kashe masa jiki, ya watsar. Aka sauya masa fluoxetine, ya sha sati uku ya ce bai ga komai ba. An yi ruƙiyya, an yi sauka.

Yanzu ɗan kawunmu da ke Ingila ya ce a can ana sa wani magani, ketamin, cikin ƙarin ruwa, mutum ya ji sauƙi a kwana ɗaya. Wani mai kemis a unguwarmu ya ce zai samo, ya zo gida ya ɗaura masa da kansa. Inna ta matsa a yi. Ni kuma hankalina bai kwanta ba. Masu sani ku taimaka.

Ma'aikacin ɗakin tiyata:
Wa alaikumus salam. Yaya, kafin komai ki dakatar da mai kemis ɗin nan. Ketamin ba baƙonmu ba ne, da shi muke sa mutum barci idan za a yi masa aiki, likitocin dabbobi ma suna amfani da shi. An haɗa shi a Amurka a 1962, aka amince da shi a matsayin maganin sa barci a 1970. Na sha tsayawa kan wanda ke farkawa daga shi: ido a buɗe, ƙwayar idon na rawa, yawu na zuba, yana hira da mutanen da ba sa ɗakin. Yana ɗaga hawan jini da bugun zuciya, yana sa amai. Inda ake ba masu damuwa, kaɗan ake sawa, galibi rabin miligiram ga kowane kilo na nauyin mutum, ya shiga a hankali cikin minti 40, ana auna jini da numfashi, ga iskar oksijin a kusa. Mai kemis zai ɗaura ruwa ya koma shago ya bar ku da tabarma da mafici. Idan numfashi ya sarƙe wa za a kira? Kuma yaron da aka ɗaure a daji, a sa masa abin da zai ji kamar ya fita daga jikinsa ba tare da wanda ya san yadda zai kwantar masa da hankali ba, ai an mayar da shi dajin ne.

Baban Yara:
Ni dai a ganina a yi mashi aure. Mi za a yi da wani ƙarin ruwa? Kaɗaici ne ke damun shi.

Hajiya Babba:
Haba Baban Yara, wanda ba ya iya barci za a ɗora wa 'yar mutane? 'Yata, Allah ya ba shi lafiya. Ku ci gaba da addu'a, ku ci gaba da asibiti, ɗaya ba ya hana ɗaya. Ku kuma tsawata wa yaran gida, kada wanda ya kira shi mahaukaci.

Likitar ƙwaƙwalwa:
'Yar'uwa, ɗan kawunku bai yi ƙarya ba, amma rabin zancen ya kawo muku. A shekarar 2000 masu bincike a Jami'ar Yale suka nuna cewa ketamin kaɗan na iya sauke damuwa cikin sa'o'i, saboda ta wata hanya daban yake aiki a ƙwaƙwalwa, ta sinadarin glutamate, ba ta serotonin irin su fluoxetine ba. A 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ɗan'uwansa esketamine, na fesawa a hanci, da sharaɗin a asibiti za a fesa, a zauna ana lura da mutum awa biyu. Abin da ba a faɗa muku ba shi ne sauƙin ba ya daɗewa. Ruwa ɗaya kan riƙe mutum kwanaki ne zuwa kamar mako, shi ya sa ake jera kusan shida cikin sati biyu zuwa uku, wasu ma sai an riƙa maimaitawa. Ba kuma kowa yake yi wa aiki ba. A kan firgici irin na ƙanenki, binciken ma ya rabu, wani ya ga amfani, wani bai gani ba.

Sannan wa ake ba? Wanda ya sha magunguna biyu daban-daban, kowanne da cikakken awo har tsawon lokacin da ya kamata, bai samu sauƙi ba. Ƙanenki bai kai nan ba. Na farko ya bari saboda illa, na biyu sati uku kawai ya sha, alhali fluoxetine kan ɗauki sati huɗu zuwa shida kafin a fara ganin aikinsa sosai. Ban ga an ambaci zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan'adam ba ko sau ɗaya, kuma ga wanda aka sace, wannan shi ne gaba da komai. Ba hira ba ce ta "ka yi haƙuri". Zama ne a tsare, mako-mako, ana bi da shi sannu a hankali ta cikin abin da ya faru har ƙarar babur ta koma ƙarar babur kawai, ana gyara barcinsa, ana mayar da shi shago ko da awa ɗaya ce a rana. Inda suke haɗa ketamin da irin wannan zaman ma, dabarar ita ce a yi amfani da kwanakin da nauyin ya ɗaga a yi aikin maganar. Ruwan kaɗai ba ya koya wa mutum komai.

Ku koma wurin likitansa, ko ku nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina. Idan ana buƙatar turawa gaba, akwai Malam Aminu Kano da Dawanau a Kano, da Barnawa a Kaduna. Tambayoyi biyu: yana maganar mutuwa ko ya gaji da rayuwa? Yana shan wani abu a ɓoye?

Ɗan Daura:
Likita ta faɗi gaskiya. Bayan hatsarin mota da na yi, na daɗe ko tasha ba na iya bi. Zaman farko da masanin na fito ina cewa ɓata kuɗin mota ne, magana kawai. Sai ya sa ni na fara zama cikin motar da ke tsaye, ba ta tafiya. Daga baya zagayen gari. Yanzu ina zuwa Katsina na dawo, ko da yake har gobe ba na zama gaba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na hana mai kemis, Inna tana fushi amma za ta huce. Likita, maganar mutuwa ya taɓa cewa da ma a dajin aka gama da shi. Kuma na ga fankon tiramol a aljihun rigarsa da zan yi wanki. Ban faɗa wa kowa ba.

Likitar ƙwaƙwalwa:
To wannan ya sauya lissafi. Kada ki jira ranar da aka rubuta masa a kati, gobe da safe ku tafi, idan ya ƙara irin maganar yau da dare ku wuce sashen gaggawa. Ki kwashe magungunan gidan, musamman ragowar amitriptyline, da fiya-fiya da maganin ɓera, ki kulle. Kada a bar shi ya kwana shi kaɗai. Ki tafi da fankon ki nuna wa likita, domin tiramol da fluoxetine ba sa jituwa, haɗuwarsu na iya kawo farfaɗiya. Shi ma ketamin ana kamuwa da shi, masu yawan shansa har mafitsara yake lalata musu, don haka ba a gaggawar ba mai shan ƙwaya. Ki tambaye shi kai tsaye, ba da faɗa ba, guda nawa yake sha a rana da kuma tun yaushe. Likita zai buƙaci amsar.