Daga Filin Ƙwallo Zuwa Hidimar Ikilisiya: Kowa Ya Kawo Nasa Labarin

Kocin Yara, Jos

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Kwamitin matasa na gundumarmu ya ba ni minti ashirin a taron watan gobe in yi magana a kan wasanni da hidima. Ba na so in tsaya gaban dattawa da abin da na karanta kawai. Duk wanda fili ya kai shi ga aikin Ubangiji, ko ya kore shi daga majami'a, don Allah ya ba mu labari. Bari in fara da nawa.

Ina da shekara 14 a 2005, lokacin da Najeriya ta kai wasan ƙarshe na gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, Ajantina ta ci mu 2 da 1, aka ba Messi kyautar gwarzo, Mikel ya zo na biyu. Wanda bai zauna Jos a lokacin ba, ba zai gane abin da wannan ya yi wa kawunanmu ba. Mikel ɗan garin nan ne, ya taka wa Plateau United, kowa yana da wani yayan da ya ce sun taɓa buga wasa tare. Daga ranar na daina ganin amfanin littafi.

A 2012 wani mutum ya zo filin da muke atisaye da jaka da takardu, ya ce zai kai mu gwaji Turai. Mahaifiyata ta sayar da injin markaɗenta, ta haɗa da kwasar adashinta. Mako shida muka yi a ɗaki ɗaya a Legas, mu goma sha ɗaya, muna jiran biza. Wata safiya muka wayi gari wayarsa a kashe. Na dawo Jos, na zauna a tasha har dare ya yi don kada 'yan unguwa su ga shigowata.

Shekara guda ban taka majami'a ba. Tiramol na sani, da shagon caca. Fasto ya zo sau biyu, na tsallake katanga. Wanda ya kama ni wani dattijo ne, tsohon malamin firamare da ya koyar da mu a makarantar Lahadi. Ya same ni a kan benci da baƙar leda a hannunsa. Bai buɗe Littafi ba, bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Ɗana, akwai yara goma sha bakwai a bayan majami'a, kullum da yamma sai sun yi dambe a kan ƙwallo ɗaya. Ni ƙafata ba ta kai in raba su." Ya ajiye ledar ya tafi. Usur ne a ciki, da ƙwallo wadda iskarta ta sace.

Kunya ce ta kai ni, ba tuba ba. Ƙwayar ma ban bar ta nan take ba. Na bar ta ne bayan wata huɗu, ranar da wani yaro maraya ya ce, "Koci, an ce kowa ya kawo babansa makaranta gobe, za ka bi ni?" Na kwana ina juyi, don na san ba zan tsaya gaban hedimasta da jajayen idanu ba. Shekara goma ke nan da ɗoriya. Yaran yanzu sun haura sittin, muna buɗewa da addu'a, kuma wanda bai nuna mini sakamakon jarrabawarsa ba benci zai ɗumama. Injin Mama na saya mata wani tun 2018.

'Yar Billiri

Yaya Koci, ka sa ni hawaye. Amma idan ka tashi magana kada ka manta da mata, don kullum labarin nan na maza ne.

Mu ƙwallon raga muka fara a Brigade, ƙungiyar 'yan mata ta majami'a, da igiyar shanya a tsakanin bishiyoyin dalbejiya biyu. Rigimar farko a kan wando ce. Wasu dattawa suka ce ba za a ga 'yan mata suna tsalle a harabar majami'a ba. Shugabar Zumuntar Mata ce ta kashe wutar. Ta ce, "Ku bar mini 'ya'yana," ta sayo yadi da kuɗinta ta ɗinka mana siket mai faɗi da muke ɗorawa a kan dogon wando, sannan ta kawo kujerarta bakin fili tana tsinkar zogale tana kallonmu. Wa zai yi magana?

Daga baya na gano cewa wasan nan ma a hannun Kirista aka haife shi. William Morgan ya ƙirƙiro shi a 1895 a ƙungiyar matasa Kirista ta YMCA a Amurka, kamar yadda James Naismith ya ƙirƙiro ƙwallon kwando a 1891 a makarantar wannan ƙungiyar. Ni abin da na samu shi ne baki. Da ko a ajin baftisma ba na iya ɗaga murya. Da aka ba ni kyaftin, dole in yi magana. Yau ni ke zama da ƙananan bayan wasa, kuma abin da yarinya ba za ta faɗa wa uwarta ba, na al'ada ne ko na saurayin da ke matsa mata, a nan ƙasan bishiya take faɗa. Shi ya sa na shiga makarantar koyon aikin jinya.

Mai Gudu, Pankshin

Ni gudun dogon zango nake yi, kuma ina cikin mawaƙa. Tsaunukanmu da sanyinmu sun ba mu numfashi, ƙarfe biyar na asuba muna kan hanya. A cikin gudun nan nake haddace waƙoƙin Lahadi, a nan kuma nake addu'ata mafi tsawo. Tambayata ga iyayenmu da ke nan: idan gasa ta faɗo ranar Lahadi fa? Bara na ƙi zuwa wata, har yau mai horar da ni bai huce ba, ni ma zuciyata ba ta kwanta ba.

Baba Fasto Mai Ritaya, Kafanchan

Salama gare ku, 'ya'yana. Jikata ce ke rubuta mini.

Zan fara da neman gafara. A ikilisiyata ta farko ina da akwati a ofis inda nake kulle ƙwallayen da na ƙwace. A ganina a lokacin tamaula shiririta ce, tana cinye lokacin aji da na koyon waƙa. Yaran da na kora daga harabar ba su daina wasa ba, sun koma filin bayan kasuwa kusa da masu burkutu ne. Biyu daga cikinsu ni na yi musu jana'iza tun ba su kai talatin ba. Wannan abu yana nan a zuciyata.

Manzo Bulus bai ji kunyar filin wasa ba. Ya kwatanta wa Korantiyawa rayuwar bangaskiya da tsere da dambe, a wasiƙarsa ta fari sura 9. Ya kuma gaya wa Timoti cewa horar da jiki tana da ɗan amfaninta, ko da yake ibada ta fi. Ni rabin ayar na biyu kawai na riƙe shekara da shekaru. Kuma ku da ke cika gidajen kallo ranar Asabar, ku sani Everton daga majami'ar Methodist ta St Domingo ta fito a 1878, Manchester City daga majami'ar St Mark a 1880, Celtic kuwa wani ɗan ɗariƙar Katolika, Brother Walfrid, ya kafa ta don a sami kuɗin ciyar da matalautan Glasgow.

Ɗana na Pankshin, akwai wanda ya riga ka shiga wannan hali. Eric Liddell, ɗan Sikotilan, ya ƙi gudun mita 100 a wasannin Olamfik na Paris a 1924 saboda zagayen farko ya faɗo Lahadi. Ya shiga na mita 400 ya ci zinariya, daga baya ya tafi aikin bishara a ƙasar Sin, ya rasu a sansanin tsare mutane a 1945. Ina girmama shi ƙwarai. Amma ba zan ɗora wa kowane yaro wannan a matsayin doka ba. Idan lamirinka ya hana ka, kada ka je, kuma kada ka yi nadama. Idan za ka yi sujada da safe ka yi gudu da yamma da zuciya mai tsabta, ni ba zan tsayar da kai ba. Abin da zan tsawata shi ne Lahadi ta bi Lahadi ba a ga fuskarka ba.

Koci, ka faɗa wa dattawa wannan ma: gasar kofi tsakanin ikilisiyoyi tana neman lalacewa. Na ga an ɗauko 'yan haya daga wani gari an ba su sunayen baftisma na ƙarya, na ga dattijo ya bi alƙalin wasa da sanda. Idan za mu koya wa yara ƙarya don kofin roba, gara akwatina.

Ɗan Gudun Hijira, Mubi

Ranar da Boko Haram suka shiga Mubi a ƙarshen Oktoba 2014 ina da shekara 16. Mu 'yan EYN ne, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya. Muka bi daji da ƙafa, muka tsallaka Kamaru, daga baya muka zagayo Yola. Babana bai fito ba.

A inda aka sauke mu yara ba sa wasa. Wannan ne abin da ya fi tsorata ni, ɗaruruwan yara amma shiru, kowa ya zauna jikin uwarsa. Ƙanena mai shekara bakwai ya daina magana gaba ɗaya, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ya shige ƙarƙashin tabarma. Wata rana don haushi kawai na tattara ledojin ruwa da tsumma na ɗaure da robar tayar keke, na shiga buga wa bango. Kafin in ankara yara biyar sun tsaya suna kallo. Muka sa takalma a matsayin raga. Washegari sun fi talatin, har da 'ya'yan Musulmi da muka gudo tare, don a dajin nan ba wanda ya tambayi wani addininsa.

A rana ta tara ƙanena yana tsaye a gefe, ƙwallo ta wuce ta gabansa, sai na ji ya yi ihu, "Yaya, ba ni!" Na tsaya cak a tsakiyar fili. Mama tana wanki, ta saki bokiti ta durƙusa a wurin.

Na riƙa ba su labarin Victor Moses, wanda aka kashe iyayensa a rikicin Kaduna yana ɗan shekara 11, babansa ma fasto ne, amma ya tashi ya ci kofin Afirka da Najeriya a 2013. Ba don su zama shi ba, don su san maraya ba ya ƙarewa a ranar da aka kashe ubansa. Wani mai bishara da ke kawo mana hatsi ya lura da ni, ya ce in riƙa ƙara ɗan labari daga Littafi Mai Tsarki ga yaranmu bayan wasa. Na fara da Yusufu da 'yan'uwansa. Maganar gafara ta fi ƙarfina a lokacin, ina faɗa musu ina kuka a ciki. Yanzu ina shekarar ƙarshe a makarantar tauhidi, kuma duk inda aka tura ni, da ƙwallo zan sauka.

Tsohon Gola, Kaduna

Ku yi haƙuri, nawa ba mai daɗi ba ne. Shekara huɗu ina tsaron gida wa ƙungiyar majami'armu, kofi biyu muka ɗauko, aka kira mu gaban bagadi aka tafa mana. A wasan kusa da na ƙarshe gwiwata ta goce. Mako na farko an zo gaisuwa. Da likita ya faɗi kuɗin aiki, sai ƙafa ta ɗauke. Mai ɗori na gargajiya aka kai ni, har yau ina ɗingishi. Wanda ya riƙa kai ni wurin ɗori a babur ɗinsa kyauta abokina ne Musulmi da muke wasan unguwa tare. Ban bar Yesu ba, amma shekara uku ke nan ban shiga waccan harabar ba. Koci, idan za ka faɗa musu, ka faɗa har da wannan.

Malama, Maraɗi

Ɗan'uwa Gola, Ubangiji shi warkar da ƙafa da zuciya. Nan wajenmu mu kaɗan ne, kuma bayan ƙone-ƙonen majami'u na Janairun 2015 a Zinder da Yamai iyaye sun ji tsoron barin yara waje. Balo da langa da muke yi da yaran lakwal ranar Asabar su suka sake haɗa mu da maƙwabta. Abin da muka tsara tun farko, kowane mai wasa yana zuba dala ashirin a asusu duk mako, ba a taɓa shi sai don rauni. Kaɗan ne, amma ya taɓa kai yaro asibitin Galmi.

Kocin Yara, Jos

Baba, na gode, zan faɗi maganar 'yan haya ko da wasu za su ɓata rai. Malama, asusun nan ranar Asabar mai zuwa zan fara shi, ban taɓa tunaninsa ba sai yau.

Ɗan'uwana Gola, da labarinka zan buɗe jawabin, ba tare da sunanka ba, in ka yarda. An yi maka ba daidai ba, kuma ni ma da nake riƙe da yara sittin ba ni da ko kwabo da na ajiye don ranar da ɗayansu zai karye. Sannan ina da roƙo. Akwai yara uku a wurina da ke son tsaron gida, ni kuwa ɗan gaba ne, ban san yadda ake koya wa yaro faɗuwa ba tare da ya ji ciwo ba. Muna da sansanin kwana huɗu a hutun Disamba. Kuɗin mota daga Kaduna a wuyana, ɗaki kuma akwai a gidanmu. Ba sai ka yi gudu ba, kujera zan ajiye maka a bayan raga.

Tsohon Gola, Kaduna

Ka yi amfani da labarin. Maganar Disamba, bari in yi addu'a a kai. Safar hannuna tana nan a ƙasan akwati. Shekarun yaran nawa-nawa ne?