Yaya aka yi Biram ta koma Garun Gabas?

Malamin Aji Biyar:
Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata firamare ta ƙauye a ƙaramar hukumar Malam Madori. Duk shekara sai na sa yara sun haddace Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Shidan farko ba sa ba ni wahala, ko yaro bai taɓa taka Rano ba ya ji sunanta a rediyo. Amma bana da na ce musu Biram ita ce Garun Gabas ɗin nan tamu, sai aji ya kwashe da dariya. Wata yarinya ta ce goggonta can take aure, kuma ita ba ta taɓa jin wani ya ce zai je Biram ba. Littafin da ke hannuna kuwa cewa ya yi Biram ita ce Haɗeja. To wanne ne daidai? Kuma yaya aka yi sunan ya sauya?

Mai Kifi Haɗeja:
Wa alaikumus salam Malam. Ai littafinka bai yi ƙarya ba. Haka aka koya mana tun muna 'yan firamare. Sarki yana Haɗeja, fada tana Haɗeja, me kuma ya rage?

Baba Mai Ritaya:
Ɗana Mai Kifi, yi a hankali. Kai ka duba inda sarauta take yau, Malam kuwa inda take jiya yake tambaya.

A labarin Bayajida, da ya baro Borno da matarsa, 'yar Mai, wato sarkin Borno, a Garun Gabas ya bar ta da juna biyu, ya wuce Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, sannan ya isa Daura ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu. Ɗan da aka haifa masa a baya shi ne Biram. Sauran shidan 'ya'yan Bawo ne, ɗan da Bayajida ya haifa a Daura, wato jikoki. Ka ga ke nan a lissafin labarin Biram baffansu ne, ba sa'ansu ba. Wannan labarin baka ne, kowa da yadda ya ji shi, amma masu ba da shi Garun Gabas suke nunawa, ba birnin Haɗeja ba.

Kafin jihadi ƙasar nan ba ta kasance ƙarƙashin sarki ɗaya ba. Akwai Auyo, akwai Garun Gabas, akwai Haɗeja, da Kazura da Gatarwa da Fagi da Dawa, kowacce da sarkinta, suna kai gaisuwa Borno ta hannun Galadima da ke Nguru. Da Fulani suka karɓo tuta, Sambo ya hau mulki a 1808, sai aka dunƙule su duka a masarauta ɗaya, Haɗeja ta zama uwa. Daga nan ne masu rubuta littafi suka sami gajeriyar hanya: su rubuta Biram, su liƙa mata Haɗeja, don ita ce mai karatu a Sakkwato ko Zariya zai gane.

Batun sauyin sunan kuwa, ga yadda nake gani, kuma ra'ayina ne. Tsofaffin masu labari "Biram ta Gabas" suke cewa. Gabas ɗin nan bai je ko'ina ba, Biram ɗin ce ta faɗi, garu ya maye gurbinta. Muddin akwai gidan sarauta mai ƙarfi, sunan kakansa yana bakin maroƙa kullum. Da ƙarfin ya koma wani gari, abin da matafiyi yake gani shi yake kira, wato ganuwa. Kuma lura, mutumin Borno ba zai ce mata gabas ba, don yamma take da shi. Bakin mutanen Kano da Daura ne ya raɗa wannan.

Sai jirgin ƙasa ya zo ya ƙarasa aikin. Layin dogo na Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, ya sa tasha a Malam Madori, cinikin gyaɗa ya koma can. Yau ga shi ƙaramar hukumar sunan Malam Madori take amsawa, Garun Gabas kuwa mazaɓa ce a cikinta.

Inna Ta Dutse:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Mu ma a nan tsofaffi Dutse Gadawur suke cewa. Tun da aka yi jihar Jigawa a 1991 muka zama babban birni, takardun gwamnati Dutse kawai suke rubutawa, yaranmu ma haka suka tashi da shi.

Mai Kifi Haɗeja:
Na ji Baba, na sauko. Amma fa kifin dai a wurinmu za ku zo saye.

Malamin Aji Biyar:
Na gode ƙwarai Baba, Allah ya saka da alheri. Saura matsala ɗaya: in tambayar ta fito a jarrabawa, mai maki da littafin nan zai duba. Me zan ce yara su rubuta?

Baba Mai Ritaya:
Su rubuta "Biram, wato Garun Gabas ta ƙasar Haɗeja". Duk wanda ya soke wannan, turo min shi.